Mama kullum tana tambayar Baba, alhali ya rasu, me zan ce mata?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Mahaifiyata ce likita ya ce tana da ciwon mantuwa. Ni na ɗauko ta bayan rasuwar Baba saboda yayanmu ya ce gidansa ba wuri, matarsa kuma dama ba sa ga maciji da Mama tun asali, maganar da tsawo, har ɗakin yarana na kwashe na ba ta. Yanzu da yamma ta yi sai ta hau tambaya wai Baba ya dawo? In na ce Mama ai ya rasu sai ta fashe da kuka kamar yau ta ji, anjima ta sake tambaya. Wani lokacin da sunan ƙanwarta take kirana. Hira ta gagare mu. Ya zan yi?

Anti Hajara: Ƙanwata ki daina ce mata ya rasu, kullum sabon mutuwa kike mata. Ciwon nan sabon abu yake fara cinyewa, na da can shi ke daɗewa, kuma rikicewar yamma sananniya ce a wajensu. In ta tambaya ki zauna gabanta, ki riƙe hannunta, ki ce Mama kina kewarsa ko? Ba ni labarin yadda kuka haɗu. Magana gajeriya, tambaya ɗaya tak, a kashe talabijin.

Maman Ilham: Hmm yayye maza kenan. Ni ma haka aka bar min kakarmu, ko waya ba mai bugawa, ranar da ta faɗi kuwa kowa ya zama likita.

Abu Safwan: A'a Anti, in an biye mata ai ƙara nutsewa za ta yi. A rataya mata kalanda da hoton kowa da sunansa, a dinga tuna mata.

Anti Hajara: Malam kalanda tana da amfani a farkon ciwo, amma ba tuni ke gyara ƙwaƙwalwar da ta lalace ba. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon mantuwa nau'in da ake kira Alzheimer ke damunsu, har yau ba shi da maganin warkewa. Ke kuma in rikicewar ta ƙaru farat ɗaya ki kai ta a gwada fitsari, ciwon sanyin mafitsara kaɗai yana birkita tsofaffi.

Mai tambaya: Na gode Anti amma ni fa ba zan iya yaudarar uwata ba, ita ta hana mu ƙarya. Kuma talabijin ɗin ne kaɗai ke zaunar da ita in ina aiki.

Anti Hajara: Wa ya ce ki yi ƙarya? Koma ki karanta abin da na rubuta.

Maman Ilham: Wai shi yayan naku ko kuɗin magani yana turowa?

Mai tambaya: Ba maganarsa na kawo ba don Allah. To in ta dage sai na faɗa mata inda Baba yake fa?