Idan jarumin zane ya rugurguza tsauni, me ake aunawa da Hausa?

Jama'a, masu kallon anime, wato katun ɗin Japan, da karatun kwamik suna da wani wasa. Jarumi ya kai wa tsauni naushi ya zube, sai su jawo kalkuleta su ƙiyasta abin da naushin ya ci. Da Turanci aikin jarumin feat ne, abin da ake aunawa kuma energy. Hausar kalmar farko mai sauƙi ce: bajinta, wasan kuma awon bajinta. Ta biyun ce muke nema.

Ƙarfi ne ya fara faɗo wa kowa a baki. To amma ƙarfi kayansa sun yi yawa. Da shi muke faɗin turi da ja, da shi kuma muke faɗin abin da ake aunawa da wat, ma'aunin da ake rubutawa a jikin ƙwan lantarki. Masu awon bajinta jul suke lissafawa, ma'aunin energy da ya ci sunan masanin kimiyya James Joule, kuma wat ɗaya jul ɗaya ne a kowace daƙiƙa. Tarwatsa duniya yadda ɓaraguzanta ba za su sake haɗuwa ba yana cin kusan jul 2.5 × 10^32, wato abin da rana ke fitarwa cikin mako guda da 'yar ɗoriya. Mugun da ya yi wannan ɓarna cikin ƙiftawar ido da wanda ya shekara yana yi, jul ɗinsu ɗaya, wat ɗinsu kuwa ko kusa. In muka kira duka biyun ƙarfi, gardamar wa ya fi wa ba za ta mutu ba.

Wani ɗan'uwa ya ce makamashi, tunda shi gidajen rediyo ke amfani da shi. Malam, ka kawo hujja, kuma yana zama daram a batun bamabamai. Fashewar tan ɗaya na nakiyar TNT jul biliyan 4.184 ne, bam ɗin Hiroshima na 1945 ya kai fashewar wajen tan 15,000 na TNT, wanda Tarayyar Sobiyet ta gwada a 1961 kuma wajen tan miliyan 50. Sai dai kunnen Bahaushe in ya ji makamashi, abin da ake ƙonawa yake hangowa. Dutsen da jarumi ya wurga fa? Lissafinsa rabin nauyi sau gudu sau gudu, shi ya sa in gudun ya ninka biyu sakamakon ke ninka huɗu, kuma babu abin da ya kama da wuta. Ku furta "makamashin naushi" ku ji ko ya shige.

Ni kuzari na zaɓa. Na san za a ce na mai rai ne, ba a ce dutse na da kuzari. Haka ne, amma kalmar tana karɓar ƙarin wata kalma ba gardama: kuzarin motsi, kuzarin zafi, kuzarin fashewa. Tana kuma ba mu damar bambance ɓarna, don fasa tsauni daban, niƙe shi daban, mayar da shi tururi kuma wani babi ne. Ko ruwa, ɗaga zafin kilo ɗaya daga digiri 0 zuwa 100 na Celsius yana cin jul dubu 420 ko kusa, amma mayar da shi tururi bayan ya tafasa sai an ƙara wajen jul miliyan 2.26.

Makamashi ya tsaya a kan abin da ake ƙonawa, ƙarfi ya riƙe turi da ja, jul ya auna kuzari. Abin da wat ke aunawa ne har yanzu ba shi da suna. Na ce "zubar kuzari", wata 'yar'uwa ta ce ya yi kama da ciwo. Mai wadda ta fi ya kawo.