Me ya sa 'yan kwana-kwana ba sa wanke man da ya zube a titi da ruwa?

Direban_Dare:
Assalamu alaikum jama'a. Idan mota ta yi hatsari mai ya malala a kwalta, sai ka ga 'yan kwana-kwana sun zo da mota cike da ruwa amma sun koma zuba yashi suna shara da shebur, an tsare hanya awa guda ko fiye. Da sun kunna mesa ai minti biyar ya isa. Akwai dalili ne, ko ka'ida ce kawai? Kuma duk mai ɗaya ake yi masa?

Mai_Mesa:
Wa alaikumus salam, malam direba. Dalili ne babba. Mai ba ya garwaya da ruwa, a kansa yake hawa, duk inda ruwan ya bi can zai kai shi. Lita ɗaya idan ta baje da kaurin milimita ɗaya ta rufe murabba'in mita guda, to ka lissafa lita 200 daga tankin tirela, sannan ka ƙara mata ruwan da zai tura ta. Ƙarshenta lambatu za ta faɗa, can kuwa ya fi titi hatsari: tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, yana kwanciya cikin rami da kwalbati, ya yi tafiya har ya tarar da wuta a inda ba wanda ya zata, wutar kuma ta biyo shi ta dawo.

Aikin yana da jeri. Ana faka motar kashe gobara ta inda iska ke fitowa kuma ta wajen tudu, a gicciye ta yadda za ta kare ma'aikata daga motocin da ke tahowa. A kashe injin motar da ta yi hatsari, a hana sigari, a shimfiɗa mesa ɗaya da ruwa a ciki, mutum ɗaya kuma ya tsaya da tukunyar kashe wuta mai hoda. Sannan a gane abin da ya zube. Fetur yana fitar da tururin da zai kama wuta tun daga wajen digiri 40 ƙasa da sifili, wato kullum a shirye yake. Dizal sai ya haura digiri 52, shi ya sa ake ganin ya fi sauƙi, amma kwalta da rana ta gasa tana iya kaiwa digiri 60, kuma idan ya ɗiga kan salansa mai zafi zai kama. Idan tankar mai ce, lambar da ke allonta za ta faɗa maka: 1203 fetur, 1202 dizal.

Daga nan sai a tsayar da yoyon, don duk abin da za ka zuba aikin banza ne muddin tanki na zuba. Ƙaramar huda ana cusa mata turken katako a buga da guduma ta roba, ko a manna mata ƙullun toshe tanki a danne. Manyan motoci da yawa suna da tanki biyu da bututu ya haɗa, idan ba a rufe famfon da ke tsakaninsu ba, lafiyayyen tankin zai yi ta juyewa ta cikin fasasshen har su ƙare tare. Inda ba ta tosuwa, a shimfiɗa tamfol a ɗaga gefunansa ya zama kwatarniya a tari man, a zuƙe shi zuwa durom.

Injiniyar_Hanya:
Malam Mai_Mesa ya kawo kusan komai, amma a ganina rufe bakin lambatu ya kamata ya zo da wuri fiye da inda aka saba sa shi. Yayin da mutum biyu ke fama da tanki, na uku ya riga ya tafi gangare ya rufe bakin magudana da tabarmar roba, ko leda mai kauri a danne ta da yashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne gina shingen yashi daidai bakin man. Kafin a gama ya tsallake. A gabansa ake ginawa, da tazarar mita biyu ko uku, a lanƙwasa shi kamar jinjirin wata yadda man zai taru a cikinsa.

Kan tsotsewa kuma, yashi yana tarewa amma ba ya shan mai sosai, lulluɓe shi kawai yake yi. Tsakuwar yumɓu da ake sayarwa a buhu don wannan aiki ta fi shi nesa. Daga gefe ake fara barbaɗawa a nufo tsakiya, a bar ta 'yan mintoci, a goga da buroshi mai tauri ta shiga ramukan kwalta, a kwashe, a sake zuba sabuwa. Idan zubi na biyu ya fito da launinsa bai yi duhu ba, an kusa. Ranar ruwan sama tsakuwar tana cika da ruwa kafin ta taɓa mai, nan sai farin ƙyallen tsotse mai, wanda ke ƙin ruwa ya sha mai zalla. Mai ruwan toka yana shan komai, rawaya na sinadarai ne. Dusar katako a bar ta, musamman kan fetur da asid, makamashi kawai aka ƙara.

Abin da ke riƙe hanya a rufe, malam direba, santsi ne. Dizal da man juye ba sa bushewa kamar fetur, kuma dizal yana narkar da baƙin da ya riƙe tsakuwar kwalta, idan ya daɗe wurin ya yi laushi sai an kankare an sake zubi. Mota mai taya huɗu za ta iya wucewa, mai babur a kwana ba zai sha ba. Kafin a buɗe hanya jami'i yana goga tafin takalminsa a wurin ya kwatanta da busasshiyar kwalta ta gefe, in da saura a watsa yashi siriri a kafa alamar santsi.

Direban_Dare:
Na gamsu. To kumfar da nake gani suna fesawa fa, ba wanki ba ne? Kuma batir, cire shi ake yi ko bari?

Mai_Mesa:
Kumfa bargo ce, tana rufe fuskar fetur ta danne tururi. Ana haɗa ta kashi 3 ko 6 cikin ɗari, wato lita 3 na ruwan kumfa cikin lita 97 na ruwa ga mai kashi 3. Ba a harba ta tsakiyar man, sai ta fantsama shi. A ƙasa gaban man ake bugawa ta mirgina kansa, ko a jikin mota ta gangaro. Tana tsanewa da lokaci, don haka ana sabunta ta, kuma duk wanda ya taka cikinta ya yaga bargon. Fetur mai haɗin barasa yana cinye kumfa ta yau da kullum, sai mai jure barasa. Kan ɗan dizal ko man juye ba a ɓata kumfa, ƙarin abin kwashewa ne kawai.

Batir ana cire waya mara wuta tukuna, mai alamar ɗebewa, don sufana ba ta yin tartsatsi idan ta taɓa jikin mota. Amma in warin fetur ya cika gaban motar, cirewar kanta tana iya ba da tartsatsi, sai an auna. Fetur yana kamawa idan tururinsa ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iska, kuma na'urar awon tururi idan ta nuna kashi 10 cikin ɗari na wancan ƙaramin mizani na 1.4, ja da baya ake yi. Littafin agajin gaggawa da Amurka da Kanada da Meziko ke fitarwa ya ce a fara killace mita 50 ta kowane ɓangare, zubewa mai yawa kuma a duba kwashe mutane mita 300 ta inda iska ke nufa. Shebur ma na roba ko tagulla ake sa wa fetur, na ƙarfe yana ƙyasta wuta a kwalta.

Bakanike_Tsoho:
'Yan'uwa kun manta ƙananan. Ruwan lagireto, kore ko ja, yana da zaƙi, dabbobi suna lasa ya kashe musu ƙoda, kuma da yake yana narkewa cikin ruwa farin ƙyallen nan ba ya ɗaukarsa, sai mai ruwan toka. Ruwan batir asid ne, ana barbaɗa masa garin soda daga gefe har ya daina tafasa, a gwada da takardar awon asid kafin a kwashe, da safar hannu ta roba da tabarau. Abin da aka share kuma har yanzu mai ne: yashin da ya sha fetur yana ci gaba da fitar da tururi, a durom mai murfi ake zuba shi a rubuta abin da ke ciki, kada a haɗa shi da na asid, kada kuma a ɗauke shi cikin rufaffiyar mota.