Don Allah ina neman shawara: Blackstone na neman hana ni gama digiri

Ɗan aji biyar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shari'a nake karantawa, saura mako uku a karɓi furojet. Tun ina aji biyu William Blackstone, wani tsohon masanin shari'ar Ingila, ya shiga raina, ranar da kawuna, tsohon magatakardan kotu, ya ciro min juzu'in farko na Commentaries on the Laws of England daga akwatin ƙarfe, gara ta cinye rabin bangon. Sauran juzu'i ukun a intanet na samo, kuɗin ɗinkin sallar da Hajiya ta ba ni na kashe wajen buga su. Shafi saba'in na rubuta cewa mutumin nan ya tsaya wa 'yancin talaka. Jiya malam ya dawo min da aikin, ya sa jan biro a babi na uku: "Wilkes fa?" Shi ke nan. Ya yi tafiya, ba ya ɗaukar waya. Ya zan yi?

Barista: Ƙanena, malaminka ya ma yi maka sauƙi. A 1769 majalisar Birtaniya ta kori ɗan majalisa John Wilkes, mutanen mazaɓarsa ta Middlesex suka yi ta sake zaɓensa, ƙarshe aka ba abokin takararsa Luttrell kujerar alhali ya sha kaye. Blackstone ɗan majalisa ne a lokacin, bai zama alƙali ba sai 1770, kuma ya goyi bayan hana Wilkes zama. Nan take wani ɗan majalisa, Grenville, ya kafa wa Blackstone hujja da littafin da shi Blackstone ɗin ya rubuta, domin cikin abubuwan da ya lissafa masu hana mutum tsayawa takara babu korar majalisa. A bugu na gaba sai ya gyara wurin. Yage babin nan kawai.

Ɗan aji biyar: Yallaɓai, ai ni littafin nake nazari, ba siyasarsa ba. Ba shi ya ce gara masu laifi goma su kuɓuta da a cuci mutum ɗaya marar laifi ba?

Ustaz: To nan ma ai hanya ce. Kwatanta maganar da ƙa'idar malamanmu ta kawar da haddi saboda shubuha. Babi guda cif, malam zai ji daɗi.

Barista: Kul. A mako uku? Kwatance furojet ne daban. Kuma littafin ma bai tsira ba. Bugun 1765 ya ce bawa yana taka ƙasar Ingila ya zama ɗa, daga baya ya ƙara cewa wataƙila ubangidan yana da sauran haƙƙin aikinsa. Wane bugu kawun naka ya ba ka?

Wata 'yar uwa: Kai ka gode Allah ma an karanta naka. Nawa wata huɗu ya yi a but ɗin motar malam, ya dawo da tabon manja, aka ce na sake bugawa da kuɗina. Sannan wane 'yanci? Mutumin da ya rubuta cewa mata da miji mutum ɗaya ne a doka, matar ta shige ƙarƙashin inuwar mijin? Mu nan ko sadakina nawa ne ni kaɗai.

Ɗan aji biyar: Anti, dokar zamaninsa ya bayyana, ba shi ya yi ta ba.

Barista: Abin da masanin falsafa Jeremy Bentham ya caccake shi a kai ke nan a 1776, cewa yana bayyana doka yana wanke ta. Ka ma ambaci Bentham?

Ɗan aji biyar: Yana cikin jerin littattafan da na duba. Littafin kawuna kuwa, shafin da ke da shekarar bugun yana cikin abin da gara ta ci. Ni dai ba zan iya yage shafi ashirin ba, kuɗin bugawa ya ƙare. In na ƙara sakin layi ɗaya a kan Wilkes a ƙarshen babin, zai wuce?

Ustaz: Maganar shubuhar nan dai, ka sake tunani.