Me ya sa silba da wayar jan ƙarfe ke bin shara bayan sun wuce maganadisu?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. Ina aiki a layin tace ƙarafa daga tarkacen motoci da firji da aka markaɗe. Kaya na fitowa daga injin markaɗe, maganadisun da ke rataye saman bel ya tsince baƙin ƙarfe, sauran su wuce injin edi-karent. Shi kuma ya cilla alminiyam da manyan guntayen jan ƙarfe gaba, roba da soso da gilashi su zube ƙasa.

Damuwata, duk lokacin da na sa shebur na tona abin da ya zube, sai in tarar da guntayen silba (ƙarfen nan marar tsatsa) da siraran wayoyin jan ƙarfe sun nannaɗe cikin soso. Abin yana ci mini rai, domin dukiya ce muke kwasa zuwa juji. Na ƙara wa gangar maganadisun injin edi-karent gudu, na matsar da farantin da ke raba kayan, shiru. Injin ne ya gaji, ko saitin ne ban iya ba?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, injinka lafiyarsa ƙalau, aikin da ba nasa ba kake nema ya yi. Gangar maganadisun da ke juyawa a ƙarshen bel tana tayar da lantarki mai kewayawa a cikin guntun ƙarfe, lantarkin ya haifar da nasa maganadisun, sai su tunkuɗi juna. Saboda haka ƙarfen da zai yi nisa shi ne mai ɗaukar wuta sosai kuma marar nauyi. Alminiyam giram 2.7 ne a kowace santimita kubik, shi ya sa yake tashi kamar fara. Jan ƙarfe 8.9 ne, tsallensa gajere. Silba irin mai lamba 304 da 316 kuwa ga nauyi kusan 8, ga rashin ɗaukar wuta, kuma maganadisu bai cika jan sa ba, sai ya tsere wa injinan biyu.

Ita waya matsalarta siffa ce: ba ta da faɗin da lantarkin zai kewaya. Maganinsu injin da ke da na'urar jin ƙarfe a ƙarƙashin bel, da ta ji ƙarfe sai bututun iska ya hure shi gefe.

Mai Rariya:
Gaskiya ne Yallabai, amma kafin ya sa shugabanninsa sayen sabon inji, ina da tambaya. Malam, kuna tankaɗe kayan kafin su hau bel? Idan guntu mai girman dunƙulen hannu da mai girman farce suna tafiya tare, babu saitin faranti ɗaya da zai yi wa dukansu adalci. Ku raba su gida biyu ko uku da rariya mai juyawa, ku baje su a kan bel kada wani ya hau kan wani. Jiƙaƙƙen kaya ma yana manne wa juna, ƙarfe ya bi soso.

Ɗan Narki:
Mu da muke narkar da baƙin ƙarfen da kuke turowa, kukanmu daban. Ƙananan injinan lantarki masu juyawa na fanka da firji cikinsu baƙin ƙarfe ne, maganadisu yana ɗauke su har da jan ƙarfen da aka naɗa musu. Da zarar jan ƙarfe ya narke cikin ƙarfe, fitar da shi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma idan ya yi yawa fuskar ƙarfen tsattsagewa take yi wajen murzawa da zafi. Ku sa mutum a wannan layin yana tsince su da hannu, za ku sayar da su daban ma.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. Ba ma tankaɗewa, komai tare yake hawa. Zan fara da rariyar. Mai Rariya, ƙananan da ba su kai milimita 10 ba, bel ɗin zan rage wa gudu ko gangar zan ƙara wa?