Lamba 8 a buroshin fentin ruwa: me ya sa girman bai zama ɗaya ba?

Sabon_Hannu:
Salamu alaikum, masana. Buroshi biyu ne masu zagayayyen baki, kowanne an buga masa 8 a mariƙi, amma ɗaya ya fi ɗaya kauri nesa ba kusa ba. Lambar milimita take nufi, ko akwai ma'aunin da kamfanoni suka amince da shi? Sannan mene ne bambancin 000 da 3/0?

Mai_Tsini:
Wa alaikumus salam. Babu ma'auni guda da ya ɗaure kamfanoni, kuma lambar ba milimita ba ce. Matsayi kawai take nunawa a cikin jeri ɗaya na kamfani ɗaya: 8 ya fi 6, 6 ya fi 4. Da zarar ka koma wani kamfani, ko wani jerin na kamfanin, kwatancen ya rushe.

Ƙasa da 1 sai 0, sai 00, sai 000, ana ƙara sifiri buroshi na ƙara ƙanƙancewa. 3/0 shi ne 000, gajarta rubutu aka yi, ke nan 10/0 sifiri goma ne. Ta sama kuwa jerin kan kai 20 ko 24, ana tsallake wasu lambobin.

Abu biyu za ka nema: kaurin gashi a bakin zoben ƙarfen da ke riƙe shi, da tsawon gashin da ya fito waje. Kamfanoni irin su da Vinci da Escoda suna bayyana su da milimita. Zagayayyen lamba 8 galibi kusan milimita 5 ne a bakin zobe.

Gashin_Kurege:
Ƙari a kan bayanin Malam Mai_Tsini: kowane nau'i da nasa ƙidayar. Mai faffaɗan baki sau da yawa da inci ake auna shi, 1/4, 1/2, 3/4, 1, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne, wannan kam ana iya dogara da shi. Inda ake shan mamaki shi ne buroshin gashin kurege da ake ɗaurewa da waya, na shimfiɗa ruwa a fili mai faɗi: lamba 2 ɗinsa na iya kai zagayayyen lamba 10. Buroshin fentin mai, mai dogon mariƙi, shi ma 8 ɗinsa ya fi na fentin ruwa girma sosai. A da ma sunayen tsuntsayen da ake amfani da bututun gashinsu wajen riƙe gashin buroshi ake kiran girman da su, kamar hankaka, agwagwa da dinya.

Kada kuma Series 7 na kamfanin Winsor & Newton ya ruɗe ka. Bakwai ɗin sunan jeri ne, lambar girma daban take.

Mai_Awo:
In za ka auna da kanka, ɗora rula daidai bakin zoben, ba a tumbin gashin ba, don tumbi yana kumbura idan ya bushe, ya tsuke idan ya jiƙe. Sabon buroshi kuma da ƙaro ake daskarar da gashinsa, sai ya yi kamar siriri. Wanke shi da ruwa tukuna.

Ɗan bambancin kauri ba ƙaramin abu ba ne. Daga milimita 5 zuwa 7, yawan gashi ya kusa ninki biyu, haka ruwan da zai ɗauka. Shi ya sa mai shimfiɗa launin sararin sama da ƙaramin buroshi yake samun layi-layi: kafin ya sake ɗebo fenti, gefen ya bushe. Ga zanen girman takardar A4, zagayayye mai milimita 6 zuwa 8 da tsini mai kyau ya fi tarin su 000 amfani.