Na Maimaita Awon Amino Asid Sau Shida, Me Ya Sa Aka Ce Hanyar Ba Ta Inganta Ba?

Ɗaliba mai bincike:
Assalamu alaikum malamai. Ina aikin tantance hanyar auna amino asid, wato tubalan da ke haɗa furotin, a garin madarar jarirai da na'urar HPLC mai rarrabe sinadarai ta auna su. Nakan dafa samfurin a cikin asid haidirokolorik mai ƙarfin mola 6, a zafin digiri 110 na Salsiyas, har tsawon awa 24, domin amino asid su kwance daga furotin. Na maimaita awon sau shida ba tare da sakamakon ya saɓa ba, kuma da na zuba sanannen adadi na amino asid bayan an gama dahuwar, kusan dukkansa ya dawo mini. Duk da haka malamin da ke duba aikina ya ƙi sa hannu. Don Allah me ya rage?

Ma'aikacin ɗakin gwajin abinci:
Wa alaikumus salam. Malama, malaminki yana da gaskiya, domin abin da kika gwada shi ne na'urarki, alhali ɓarnar tana faruwa ne a cikin kwalbar dahuwa. Kowane amino asid da halinsa: asid ɗin dahuwar nan yana lalata tiriftofan gaba ɗaya, shi ya sa ake ware masa tasa hanyar. Sistin da metiyonin sukan lalace idan ba a kāre su ba, kuma tsohuwar dabara ita ce a fara sarrafa su da asid fafomik kafin dahuwa. Serin da tiriyonin suna raguwa idan dahuwa ta yi tsawo, su kuwa balin da aisolusin taurin kai gare su, ba sa gama kwancewa daga sarƙar furotin da wuri. Wannan ne ya sa na koyi dafa samfuri ɗaya a awa 24 da 48 da 72, in ga wanda ke hawa da wanda ke sauka. Ko da kafin dahuwa kika zuba amino asid ɗin, a sake yake, ba zai gaya miki ko na ɗaure cikin furotin ya fito duka ba. Kuskure iri ɗaya yana iya maimaituwa sau shida cif.

Malamar kimiyyar abinci:
Ƴata, ki nemi samfurin ma'auni wanda aka riga aka san abin da ke cikinsa, kamar SRM 1869 na hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ki bi da shi ta kowane mataki tun daga awon nauyi. Sannan ki karanta hanya mai lamba 2018.06 ta AOAC, ƙungiyar da ke tsara hanyoyin gwajin sinadarai, wadda aka tsara musamman domin madarar jarirai, ki kwatanta da taki. Maimaitawar ma kada ta tsaya a yini ɗaya da hannu ɗaya. Ki canza rana, ki haɗa sabon ruwan sinadari, ki ba wani abokin aiki ya yi da kansa ba tare da kin tsaya a kansa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne amino asid ɗin da ake kira laisin. Zafin busar da madara yana sa wani ɓangarensa ya haɗe da sukarin madara, jikin jariri ya kasa amfana da shi, amma dahuwar asid tana mayar da wani kaso nasa laisin, sai takarda ta nuna adadin da yaro bai samu ba. Ana auna furosin, sinadarin da laisin ɗin da ya haɗe da sukari ke bayarwa a dahuwar asid, domin a gano girman wannan asara.

Tsohon mai duba ingancin kaya:
Ina goyon bayan tsaurin malamin nan. A shekarar 2008 a ƙasar Sin an zuba melamin, wani sinadarin yin roba, a madara don ta yi kamar mai yawan furotin, saboda hanyar Kjeldahl da ake gwada furotin da ita naitirojin take aunawa, ba furotin ɗin kansa ba, kuma melamin kusan kashi biyu cikin uku nasa naitirojin ne. Jarirai wajen 300,000 suka kamu da rashin lafiya, shida suka rasu. Jaririn da ba ya samun nono ba shi da wani abinci sai wannan gwangwanin, kuma ƙa'idar abinci ta duniya, Codex, ta ce muhimman amino asid na cikin madarar kada su gaza na nonon uwa.

Ɗaliba mai bincike:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Gobe zan sa kwalabe na tsawon lokaci uku a murhu, in kuma rubuta takardar neman samfurin ma'auni. Malama, idan zuwansa ya yi jinkiri, shin zan iya fara gwaji da tsantsar furotin irin kasin kafin ya iso?