Neman shawara: motar haɗaka daga Nungwi zuwa filin jirgin Zanzibar, za ta kai mu kan lokaci?

Angon Malali:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi. Ni da amaryata muna tsibirin Zanzibar tun ranar Lahadi, a wani otal da ke Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin. Asali Umara muka so zuwa, sai kuɗi suka gaza bayan hidimar biki, ga hayar gida ta shekara biyu da na biya, ga akwati ɗaya da aka ƙara mini a lefe a kan abin da aka yi magana tun farko (wannan wani zance ne daban). Sai kawunta ya ce zai yanka mana tikiti a matsayin gudummawarsa, mu kuma mu ji da otal da abinci. Abincin nan kuwa tsada kamar me, farantin shinkafa da kifi sai ka yi salati. Yanzu abin da ya rage a hannuna kaɗan ne, kuma dole in bar na mota daga Abuja zuwa gida.

Jirginmu jibi ne, Juma'a, ta Adis Ababa zuwa Abuja. A otal sun ce shatar mota zuwa filin jirgi dala 45 ce, motar haɗaka kuma, wato ƙaramar bas da ke bi otal-otal tana kwasar mutane, dala 12 kowane mutum. Na biya ta haɗakar, dala 24. Ɗazu direban ya turo mini saƙo a WhatsApp wai "saa sita na nusu". Na sa a manhajar fassara ta ce shida da rabi. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi kuma ta ce bayan sha biyun rana ne. Wanne zan kama? Kuma za mu isa kan lokaci?

Maman Hanan, Barnawa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Amma ango, ka ba mu labarin lefe ka manta da babban abu. Ƙarfe nawa jirgin zai tashi? Akwatuna nawa ne?

Alhaji mai tikiti, Ahmadu Bello Way:
Ɗana, yarinyar ce ke da gaskiya. Masu Suwahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana ne, ƙarfe 7 na safe shi ne awa ta ɗaya a wajensu. Duk lokacin da aka faɗa maka da yarensu, ka ƙara awa 6. "Sita" shida ne, "nusu" rabi, shida da rabi a ƙara shida ya zama 12:30 na rana. Da 6:30 na safe yake nufi da sai ya ce "saa kumi na mbili na nusu". Ka sa ya rubuta maka da lambobi, ya ƙara da "mchana", wato rana, don kada gobe wani ya ce ba haka ya faɗa ba. Sannan ka duba agogon wayarka. Tanzaniya na gaban Najeriya da awa 2, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da jirgin zai tashi ne.

Angon Malali:
Na gode Alhaji. Jirgin 3:50 na yamma ne. Akwatuna huɗu manya, sai jakunkunan hannu biyu. Ke nan muna da awa uku da minti ashirin, alhamdulillahi, hankalina ya ɗan kwanta.

Alhaji mai tikiti, Ahmadu Bello Way:
Kada ya kwanta. Ba ka da awa uku da minti ashirin. Jiragen ƙasa da ƙasa yawanci suna rufe kantar awon kaya saura awa ɗaya a tashi, ke nan naka lokacin 2:50 ne, ba 3:50 ba. Abin da ke hannunka awa 2 da minti 20 ne. To mu yi lissafi.

Daga Nungwi zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume wajen kilomita 60 ne. Bai kai Kaduna zuwa Zariya ba, amma kada wannan ya ruɗe ka, hanyar ba tagwaye ba ce. Tana ratsa ƙauyuka, ga tuddan rage gudu, ga masu kekuna da babura, ga daladala, wato ƙananan motocin haya na can, da ke tsayawa duk inda aka ɗaga hannu, ga shingayen 'yan sanda inda ake duba takardun motocin da ke ɗaukar baƙi. Motar da ba ta tsaya ɗaukar kowa ba ma tana cin awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi. Ka rubuta minti 90.

Ita haɗaka 12:30 lokacin fara kwasa ne, ba lokacin kama hanya ba. In otal huɗu za ta bi tsakanin Nungwi da Kendwa, kowanne ka ba shi minti 10, domin da yawansu suna can ƙarshen hanyar burji, kuma ba a rasa wanda bai gama biyan kuɗin ɗaki ba ko wadda ta koma neman cajar waya. Minti 40 ke nan. Jimla minti 130, kun kai 2:40.

Saura abin da ba a faɗa wa fasinja sai ya tambaya. Filin jirgin yana kudu da gari ne, ku kuma daga arewa za ku taho, ta Mahonda da Bububu, dole ku bi ta gefen gari. In akwai masu zuwa tashar jirgin ruwa na Darussalam a cikin motar, su za a fara saukewa a unguwar Malindi inda tashar take, domin su ne a kan hanya. Shiga da fita a wannan cunkoson ranar Juma'a, ka sa minti 25. Ƙarfe 3:05 ke nan, ba a ma sa kayanku a na'urar bincike ta ƙofar shiga ba. Ka bar musu dala 24 ɗin, ka ɗauki shata ta ƙarfe 11.

Injiniya na Kinkinau:
Alhaji, a gafarce ni, lissafin ya yi tsauri. Kun ɗauki mafi munin kowane mataki kun jera. Masu haɗakar nan sana'arsu ke nan kullum, suna tambayar lokacin jirgi kafin su sa mutum a mota. Kuma in otal ɗinsa ne na ƙarshe a kwasa, minti 40 ɗin nan babu su, 12:30 ita ce kama hanya, ƙarfe 2 suna filin jirgi. Ango, tambaya uku za ka yi musu yau a rubuce: mu ne na nawa a kwasa, mutum nawa ne a motar, kuma za a biya ta tashar jirgin ruwa ko kai tsaye ne. Sannan ka yi rajistar shiga jirgi ta intanet da zarar an buɗe, ka ajiye takardar a waya.

Alhaji mai tikiti, Ahmadu Bello Way:
Injiniya, rajista ta intanet kujera take riƙe wa mutum, ba ta auna masa akwati huɗu. Dole ya tsaya a kantar awon kaya kafin a rufe. Kuma amsar da za su ba shi yau ba ita ce ta jibi ba. Wani ya kama kujera a motar gobe da dare, an ƙara otal ɗaya. Motar haɗaka motar tasha ce da ta sa kaya masu kyau, kamar ka shiga ta Kano a Kawo ka tambayi ɗan kamasho saura mutum nawa, ya ce maka saura ɗaya.

Angon Malali:
Sun tambaye ni lokacin jirgi kam, na faɗa musu, suka ce babu matsala. Ba na jin za su karɓi kuɗina in sun san ba za mu isa ba. Kuma a rasit an rubuta ba a mayar da kuɗi. In na ɗauki shata yanzu dala 69 ke nan na kashe a kan tafiyar awa ɗaya da rabi. Ku lissafa ta a naira ku gani.

Maman Hanan, Barnawa:
To ka lissafa canjin tikitin mutum biyu a naira shi ma, da kwanan otal har a samu kujera a wani jirgin. Araha ba ta ado. Amma ni abin da ya fi damuna kayan ne. Ƙananan bas ɗin nan in an cika kujeru, wurin kaya a baya bai wuce na akwati biyar ko shida ba, kuma yawanci akwati ɗaya da jakar hannu suke lissafa wa mutum. Ku kaɗai kuna da huɗu. Ko dai a ce ka biya kuɗin ƙarin kujera, ko a tsaya ɗaure kaya, ko a ce wata mota za ta biyo da su, wanda kada ka yarda ko da wasa. Ka faɗa musu yawan akwatunan yau. Ka nemi sikelin otal ka auna kowanne, ka duba abin da tikitinku ya ba ku, yawanci kilo 23 ne akwati ɗaya. Na san amarya ta sayi kanumfari da kirfa na tsaraba, su ba nauyi, amma kwalaben mai da turare a babban akwati za su shiga, don abin ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu. Batirin cajin waya kuma akasin haka, a hannu yake tafiya. In kun tsinto bawon katantanwa a bakin teku ku bar musu abinsu, ana iya tsayar da mutum a kansa, ku kuma ba ku da mintin ɓatawa.

Ɗan Rigasa:
Duk wannan wahalar ta samo asali ne daga masu sayar da tikiti. Su karɓi kuɗi su miƙa takarda, ba mai zaunar da mutum ya ce masa otal ɗinka na nesa da filin jirgi. Sai abu ya lalace a fara lissafin mintoci. Kuma ko ya isa Abuja wani aikin ne, neman tikitin jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, ga akwati huɗu. A 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titi, a nan Kaduna jirgin Habasha yake sauka, mutum ya fito ya hau mota ya tafi gida. Me ya hana a ɗore?

Alhaji mai tikiti, Ahmadu Bello Way:
Ɗan Rigasa, ba ni na yanka masa tikiti ba, kuma wanda ya yanka ba shi ya zaɓa masa otal ba. Mu koma kan ango.

Hajiya Babba, Unguwar Rimi:
Ku duka kun tsaya a kan mota. Yaro, ka kwashe matarka da kayanka gobe Alhamis da yamma ku koma cikin gari, Stone Town, ku kwana a can. Daga nan zuwa filin jirgi bai wuce minti 20 ba. Ka roƙi masu haɗakar su mayar da kujerunku zuwa motar gobe, sauya rana ya fi mayar da kuɗi sauƙi a wajensu. Ranar Juma'a ku karya a natse, ta leƙa kasuwar Darajani, ku tafi filin jirgi. Abu ɗaya: lungunan tsohon garin mota ba ta shiga, ka nemi masauki na bakin titi, in ba haka ba za ku ja akwatuna a ƙafa.

Angon Malali:
Hajiya, na gode, amma daren Alhamis na riga na biya a nan, har da karin kumallo. Kuma amarya ta ce da safen Juma'a take son a yi mata lalle, ta riga ta yi magana da mai yi. Ban son in ɓata mata rai a ranar ƙarshe.

Malam Ladan, Tudun Wada:
Ba wanda ya yi maganar sallah. 12:30 ranar Juma'a, a can ma lokacin shiga masallaci ne, kuma mutanen tsibirin galibi Musulmi ne. Shi direban a ina zai yi tasa? Ko ya tsaya a hanya, ko ya zo a makare bayan an idar. Kai kuma fa? Ba su da motar safe ne?

Angon Malali:
Akwai ta ƙarfe 10, "saa nne" in ji su, yanzu na iya. Amma in muka bi ta, za mu yi zaman kusan awa huɗu a filin jirgi, ga lallen bai bushe ba.

Injiniya na Kinkinau:
To ai ga maganin nan a hannunka tun ɗazu ba ka faɗa ba! Ta ƙarfe 10, ko an bi lissafin Alhaji gaba ɗaya, 12:35 kuna can. Ba ka ƙara ko sisi ba. A yi lallen gobe da dare, ya ma fi kamawa. Ka biya duk abin da otal ke bin ka tun daren, har harajin kwana da ake karɓa a kan kowane baƙo, kada ka zama kai ne ake jira. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara a aljihu, ka ajiye canjin shilin na masu ɗaukar kaya, ka kuma duba sunan ginin da jirginku zai tashi ka nuna wa direba, domin na jiragen cikin gida daban yake.

Alhaji mai tikiti, Ahmadu Bello Way:
Ta 10 ta fi ta 12:30, ban musa ba. Amma haɗaka haɗaka ce, in ba ta zo ba babu wanda zai biya shi tikiti. Ka karɓi lambar direban tasi na kusa da otal tun yau, ku yi ciniki, ka ce masa in 10:20 ta yi ba su iso ba za ka kira shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Angon Malali:
Na tura musu saƙo kan ta ƙarfe 10. Sun ce kujera ɗaya ta rage, sai dai in wani ya fasa. Sun kuma ce a ta 12:30 mu ne na biyu a kwasa, ba su amsa maganar tashar jirgin ruwa ba. Mai lallen ta ce gobe da dare tana da biki. Ni dai ina ganin tunda su suka ce babu matsala.

Maman Hanan, Barnawa:
Ka faɗa musu akwatunan huɗu ne?

Angon Malali:
Ban kai ga wannan ba tukuna. Amarya ta ce wataƙila ma su zama biyar.